Bijimai Tara da Mayen Ƙarfe

Motar farko da na san warinta bashe ce, Peugeot 404, fara ce a asali amma rana da jar ƙasa sun mayar da ita kalar tukunya. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne karen motarta kafin ya zama direbanta. Ran Lahadi tun kafin assalatu take barin Filinge ta nufi kasuwar Baleyara, bayanta cike da buhunan wake, awaki a ɗaure, mata zaune bisa kaya, samari sun maƙale a ƙarfen tanti. In ta dawo da dare, mu yara mukan gane kukanta tun ba ta shigo gari ba, mu ruga tasha ko za a aike mu da ƙunshin goro.

A wancan zamanin, in an ce mota a ƙasarmu ta Kurfai, Peugeot ake nufi. Ta hanya biyu take iso mu. Wasu daga Kaduna suke zuwa, inda aka fara harhaɗa su tun 1975, masu tsayin ƙafa da aka yi domin hanyoyinmu. Wasu kuma samarin Turawa ne ke tuƙo su ta cikin Sahara, su bi Tamanraset, Asamaka, Arlit da Agadas, su sayar a Tawa ko Yamai, su hau jirgi su koma gida da kuɗin. Babu garejin da bai san cikin 404 da 504 kamar yunwar cikinsa ba. Na taɓa ganin kawu ya ɗaure wani ƙarfe na ƙarƙashinta da igiyar kaba a bakin hanya, ya kai fasinja gida lafiya, washegari maƙeri ya ƙera masa wani. Hanyar Sahara ta mutu a farkon shekarun 1990, da tawayen arewa da rikicin Aljeriya. Sannan a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, sabuwar mota ta fi ƙarfin kowa in ban da gwamnati da ƙungiyoyin agaji. Daga nan idon kowa ya koma Kwatano, ga motocin da muke kira «o rabuwar la Faransa», waɗanda ƴan Najeriya ke ce wa Beljiyam ko ƴan Kwatano.

Ni kuwa sai da na yi wautata tukuna kafin in koyi wani abu. A 2003 ina malamin makaranta, na haɗa ɗan abin da na tara da kwasar adashe, na tafi Yamai ban yi shawara da kowa ba. Ba zan faɗi sunan motar da na saya ba, don laifin ba nata ba ne: an yi ta ne domin titin da ba ya da rami. Kujerun fata, gilashi mai hawa da sauka da kansa, giya mai canza kanta, agogon kilomita bai kai dubu ɗari ba. Dillalin ya rantse mini cewa ta wata tsohuwa ce a Turai, wadda ba ta fita da ita sai ran Lahadi. Daga baya na gano cewa tsohuwar nan ta mallaki rabin motocin da ke Yamai.

Da na iso da ita ƙofar gida, yara suka kewaye ta, mata suka yi guɗa. Kawu bai ce komai ba. Ya tattara rigarsa, ya durƙusa, ya sa hannu tsakanin cikinta da ƙasa. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

«Mushe,» haka yake kirana in zai yi mini ba'a, «wagga ta Yamai ce. Mi ya kawo ta Hilinge?»

Wata biyu ta yi tana ba ni girma. A na uku, tsakanin Bonkuku da Filinge, lokacin ba a sake gyara gudron ɗin ba, wato kwaltar, na kauce wa rami na hau dutse. Cikin injin ya fashe, baƙin mai ya tsiyaye a ƙasa. Wannan an liƙe. Abin da ba a iya liƙewa ba shi ne wata ƴar fitila da ta kunna kanta a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa, motar kuma ta ƙi wuce giya ta biyu. Mai garejin unguwarmu, dattijo ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin Peugeot, ya buɗe murfin inji ya daɗe yana kallo, ya rufe. Ya ce ciwon yana cikin kwamfuta, shi kuwa bai yi karatun aljanu ba. Na zagaye kasuwar Katako da ƴan tsofaffin ƙarafa na Yamai, babu mai kayanta. Wata huɗu tana ajiye a gindin gawo, har kaza ta yi ƙwai a kujerar baya. Na sayar da ita ƙasa da rabin abin da na biya, na kuma gode wa wanda ya saya.

Shekara biyar bayan haka maganar mota ta sake tasowa a gidanmu, amma wannan karo ta sana'a. Yunwar 2005 ta cinye mana dabbobi da yawa, sai a 2008 garken ya ɗan farfaɗo. Kawu ya gaji da tuƙa motar mutane. Aka zauna, aka yanke cewa za a sayar da bijimai tara, jajayen Azawak irin waɗanda ake kiwo a tashar Tukunus, a haɗa da abin da yayana ya aiko daga Abijan, a sayi motar kasuwa. Mahaifiyata ta sa sharaɗi ɗaya: kada a ba ni kuɗin in riƙe ni kaɗai. Mu uku muka tafi, kawu, mai gareji, da ni mai karanta takardun Faransanci da rubuta lissafi. An ce mu aika wa wani dillali kuɗi ya turo mana, mai gareji ya ce shi ba ya cinikin biri a sama.

Daga Yamai zuwa Kwatano ya haura kilomita 1000: Doso, Gaya, a haye gadar Kwara a faɗa Malanbil, sannan Kandi, Paraku, har bakin teku. Wuraren ajiye motocin suna gabas da birnin, a Sekanji da Ekpe, kan hanyar Porto-Novo. Ban taɓa ganin abu mai yawa haka ba in ba fari ba. Mota jere da mota a cikin rairayi iyakar ganin ido, rana na dukan gilasai har ido ya yi ruwa. Yawancin masu filayen Lebanawa ne, dillalai kuwa da yawansu namu ne, kana tafe kana jin Zabarmanci da Hausa ta ko'ina. A can na ji yadda abin yake tafiya a lokacin: ana tara motocin a Burusel, a unguwar titin Heyvaert, daga Jamus, Holan, Faransa da Suwis, a kai su tashar ruwa ta Anbers, su shigo jirgi da ƙafafunsu su sauka da ƙafafunsu. Da yawa takardunsu Nijar suke nunawa, amma da sun haye Gaya sai su bi ta Ƙonni ko Maraɗi su shige Najeriya. Masu sayen Najeriya su ne ke tsayar da farashi, mu ƴan rakiya ne.

Ranar farko mai gareji bai taɓa ko mota ɗaya ba. Yawo kawai muka yi, dillalai na bin mu kamar ƙuda. Ni na ƙagu, kuɗin masauki na tafiya. Da dare ya ce mini mu kwanta da wuri, mota da asuba ake ganinta, kamar amarya kafin ta yi kwalliya.

Abin da na gani washegari shi ne dalilin wannan rubutu. Mun isa ana buɗe ƙofa. Akwai Toyota Hilux guda uku da ya sa wa ido jiya ba tare da ya nuna ba. Ya je ga ta farko, ja, mai sheƙi, wadda ni zuciyata ta riga ta kwanta a kanta. Kafin komai ya ɗora bayan hannunsa a kan inji. Da ɗumi. Wani ya riga mu zuwa ya tayar da ita don kada mu ji yadda take tashi da sanyi. Ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ya juya shi, ya nuna mini: wani abu fari-fari ya kama cikinsa kamar kindirmo.

«Ruwa na shiga mai, ɗana. Ta taɓa yin zahi har ta dahu. Mu tahi.»

Dillalin ya biyo mu yana rage farashi tun ba a taya ba. Mai gareji ko waiwaye bai yi ba.

Ta biyu ya shiga ƙarƙashinta, ya kwanta rigingine a kan buhun da ya zo da shi, da ƙaramar guduma. Yana ƙwanƙwasa shasi daga gaba zuwa baya, muna jin ƙarar ƙarfe tangaran, tangaran, har ya iso wajen sifirin na baya, sai ƙarar ta koma ɓus, tsatsa ta zubo masa a fuska kamar garin kuka. A ƙasashen sanyi gishiri suke watsa wa titi don ƙanƙara ta narke, gishirin nan shi ke cin mota ta ƙasa alhali samanta na ƙyalli. Injin da ya gaji ana sauke shi a sa wani. Shasin da ya ruɓe kuwa ranar da aka ɗora masa buhu talatin a gargadar Sanam, ranar zai karye.

Ta uku ba ta da kyan gani ko kaɗan. Fara ce da ta yi dushi, bayanta duk ƙarzuwa, da alamar rubutun wani kamfanin gine-gine da aka kankare a ƙofa. Injinta sanyi ƙalau. Ya sa kawu ya tayar, shi kuma ya tsuguna a bakin salansa. Ta tashi a bugu ɗaya, ta yi ɗan baƙin hayaƙi ta share. Ya ce da shuɗi ne, mai take sha. Da fari ne ya ƙi ɗaukewa, ruwa ne. Ya zare ƙarfen awon mai inji na aiki, ya kara tafin hannu ya ji ko iska na busowa da ƙarfi. Ya buɗe lagireto ya leƙa ko ruwan na kumfa. Ni na karanta masa agogon kilomita da murna, don adadin kaɗan ne. Ya yi dariya, ya kama hannuna ya ɗora a kan robar kuloci: ta suɗe har ƙarfe ya fito. Ya nuna mini sitiyari da ya yi santsi, da gefen kujerar direba da ya lotsa. A jikin ƙofa muka sami wata ƴar takarda da garejin Turai ya manna ranar canjin mai, adadin da ke jikinta ya kusa ninka na agogon. Na ce to ai an yi mana ƙarya, mu bar ta. Ya ce duk motar da ke filin nan an juya mata agogo, bambancin kawai wannan ta manta ba ta ɓoye shaidarta ba, kuma takardar ta nuna mai ita yana canza mai a kan lokaci.

Sannan ya fito da abin da yake ajiye a aljihun gaba: mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar lasifikar rediyo, naɗe a ƙyalle don kada ya karce fenti. Ya bi jikin motar da shi a hankali. Ko'ina yana kamawa, sai a ƙasan ƙofar hagu ya zame ya faɗi a rairayi. An taɓa bugun wurin, an cike da mastik an shafe da fenti. Ya duba ginshiƙin ƙofar da shasin da ke daidai wurin, ya ga bugun bai shiga ciki ba. Ya raɗa mini cewa wannan ba ciwo ba ne, abin ciniki ne. Da wannan tabon ya zauna wa mai filin har azahar, sai da aka rage mana jikka ɗari da hamsin.

Gardama ɗaya aka yi tsakanin dattawan biyu, a kan mai. Kawu ya so mai shan esansi, wato fetur, saboda na kwalba da ke shigowa daga Najeriya ta wajen Dogon Dutsi ya fi na gidan mai araha nesa ba kusa ba. Mai gareji ya kafe a kan gazuwal, wato dizal. Injin wannan, wanda suke kira 2L, mai lita 2.4, ba shi da gudu, ba shi da kwamfuta, famfonsa na ƙarfe ne da ake kwancewa a gyara a Yamai, kuma in an shiga rairayi da kaya a ƙaramar giya shi ne ba ya zuƙe tanki. Ya ƙara da cewa arahar man kwalba ta gwamnatin wata ƙasa ce, ranar da ta ga dama za ta janye. Shekara goma sha biyar ya ɗauka kafin maganarsa ta tabbata, a watan Mayun 2023, shi kuwa lokacin yana kabari.

Abin da ban shirya masa ba shi ne abin da ke biyo bayan ciniki. La'adar dillali, kuɗin fita daga fili, na mai takardun wucewa, na rakiyar ayari har iyaka, shingaye na hanya da ba su ƙirguwa, sannan duwan, wato kwastan, sannan lamba da kartagiris, wato takardar mota. Da na tattara lissafi a Yamai, abin da muka kashe bayan mun biya mai mota ya kusa kamo kuɗin motar kanta. Da mun zuba duk kuɗin a kan jar nan mai sheƙi, da a hannun duwan za ta kwana. Ɗan abin da ya rage mai gareji bai bari an taɓa shi ba. Ya canza bel ɗin cikin inji tun bai tsinke ba, ya wanke lagireto, ya ƙara ganye biyu a kowane sifirin na baya, maƙeri ya yi mata keji. Ya kuma cire ɗan abin nan mai tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, ya jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Duk bakaniken da na sani haka yake yi. Na karanta daga baya cewa kuskure ne, injin da ke aiki da sanyi ya fi cin mai da saurin gajiya, amma ban taɓa samun ƙarfin halin gaya masa ba.

Littafin lissafinta yana nan wurina, irin na ƴan makaranta mai shafi ɗari biyu, na cika guda shida. Baleyara, Bonkuku, Abala, Sanam, Shikal, kowace kasuwa da ranarta. Wake da gero, raguna gab da Layya, kayan aure, mai naƙuda da tsakar dare zuwa asibiti, gawa zuwa ƙauye. In na duba shafukan yanzu, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙarancin ranakun da na rubuta «ba ta fita ba». Ta lalace sau da yawa, kamar kowace mota. Amma duk abin da ya mutu a jikinta, in kawu ya ba direban tashar Wadata ta Yamai saƙo da safe, kafin magariba an kawo shi daga Katako, sabo ko na hannu, mai gareji ya ɗaura da fitilar hannu, gari na wayewa tana kan hanya. Motata ta farko ta fi ta gudu, ta fi ta laushi, wata huɗu ta yi tana jiran abu guda da bai fi tafin hannu ba. Cikin shekara ta huɗu aka mayar da bijimai tara cikin garke.

Daga 2017 lissafin ya fara juyewa ta inda babu mayen ƙarfen da zai gano. A shekarar aka sa dokar ta-ɓaci a Abala da maƙwabtanta, ita ce kuma shekarar da Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, filayen Sekanji suka yi sanyi. Ƙarfin da ya sa muka zaɓi motarmu, shi ne ya sa masu bindiga ke son irinta. Tun yaƙin Cadi da Libiya na 1987, wanda har aka laƙaba masa sunan Toyota, kowa ya san abin da irin wannan mota take iya yi a daji. Aka fara jin an tare wane an sauke shi an tafi da motar, har na ƙungiyoyin agaji da na likita. A farkon 2020 aka hana hawa babur a jihar Tilaberi, buƙatar mota ta ƙaru, amma kawu ya daina wuce Tukunus. Masu tsofaffin Starlet da Corolla, waɗanda da muke yi wa dariya in sun kafe a rairayi, su suka gaji hanyar, don babu wanda zai tare su saboda motar. Wani direba ya ce mini a tasha, yana shafa ƙaramar motarsa da ƙofarta ke ɗaure da waya, yanzu motar kirki ita ce wadda ɓarawo zai ji kunyar ɗauka.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil. Kaya suka koma bi ta Lome da Burkina, cikin ayari da rakiyar soja, komai ya yi tsada, motar da ke cikin ƙasa ta ƙara daraja tana zaune. Idon kawu kuma ya fara raunana. A 2024 muka yarda a sayar. Wani ɗan kasuwa daga wajen Doso ya zo da bakanikensa, yaro matashi da ƴar na'ura mai igiya a hannu. Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari yana neman inda zai soka ta, ya duba dama, ya duba hagu, ya ɗago yana susar ƙeya. Kawu na zaune a kan tabarma, carbi a hannu.

«Yaro, ba ta da wurin. Da kunne aka jin ta.»

Yaron ya mayar da na'urar cikin jaka. Ya taɓa inji da bayan hannu, ya buɗe murfin mai ya leƙa, ya shiga ƙarƙashi ya daɗe. Da ya fito, sai ya zaro wani abu daga aljihu naɗe a tsumma, ya fara bin jikinta da shi. Ni da kawu muka dubi juna. A ƙasan ƙofar hagu abin ya zame ya faɗi ƙasa.

Ɗan kasuwar ya gyara hula, ya ce Alhaji, an taɓa bugun motar nan, sai a duba masa. Kawu ya tambaye shi nawa yake so a rage. Ya ce jikka ɗari biyu.

«Ɗari da hamsin,» in ji kawu. «Haka anka rage muna.»